Zoben Sharar Tatsumi

Ku gyara zama, yau ta Tatsumi zan ba ku. Idan ya ji labari ya tayar da jijiyar wuya, ku ce masa Fumie mai awara ce ta faɗa, ai ya san ƙofata.

Layinmu yana gabashin Osaka, ƙananan masana'antu ne a jere, bango ɗaya tsakanin kowa da maƙwabcinsa. Ni awara nake yi tun zamanin marigayi mijina. A damata Tatsumi yake, mai ƙera noti. Gaba da shi Baba Hatanaka mai akwatunan katako, shi ne shugaban ƙungiyar masu masana'antun layin. Daga ƙarshe Ebisu mai silifan roba, mutumin da bai taɓa ganin abin tsokana ya wuce shi ba.

A waccan shekarar Baba Hatanaka ya ce gwiwoyinsa sun gaji, zai sauka daga shugabanci a taron kaka. Kujerar nan kuwa Tatsumi ya fi son ta da abincinsa. Mahaifinsa ya taɓa zama a kanta, kuma tun da tsohon ya rasu yake kallon ta kamar kayan gado da aka hana shi. Abin takaicin, duk layin babu mai son ta sai shi. Da ya zauna ya yi shiru har kaka, da a kan faranti za a miƙa masa. Amma Tatsumi da shiru ba su taɓa kwana ɗaki ɗaya ba.

Farkon bazara ya je wani taron ƙara wa juna sani a ofishin ƙaramar hukuma, ya dawo da katin baƙo rataye a wuya, bai cire ba sai da igiyar ta tsinke. Ina tsaka da tace wake ya faɗo mini shago.

"Yaya Fumie, kin san abin da kike zubarwa kullum?"

"Dusa."

"Arziki kike zubarwa! Duniya tana ɗumama, ke kina nan kina dafa wake."

"To da me zan dafa? Noti?"

Ya ɗaga yatsa kamar malamin makaranta. Wai yanzu a ƙasashen da aka waye masana'antu haɗa hannu suke yi, sharar wannan ta zama kayan aikin wancan, babu juji, babu hayaƙi. Wai ma'aikatan hukuma za su zo taron kaka su ga layin da ya fi iya wannan haɗin gwiwa. Shi kuma zai nuna musu abin da ba a taɓa gani ba daga nan har Tokyo. Har suna ya riga ya raɗa masa: Zoben Tatsumi.

Maganar ba ta da laifi, ni ma na yarda. Laifinta ɗaya, bakin da ta fito.

Da ya kai wa Baba Hatanaka maganar, tsohon ya saurare shi a natse, sannan ya ce, "Yaro, ka bi gida-gida. Ka sha shayi da kowa, ka ji me yake zubarwa, me yake buƙata. Idan kowa ya amsa maka a ɗakinsa, sai a kira taro."

"Baba, tambaya ai ta wanda bai sani ba ce."

"Kai ka sani?"

"Har da kati aka ba ni."

Dabararsa ita ce wannan. Ya san mu sarai: a layinmu wanda ya kawo maka kyauta a naɗe, ya rusuna ya miƙa da hannu biyu, ko mushen ɓera ne a ciki sai ka rusuna ka karɓa. To me zai sa ya ɓata lokaci yana roƙon mutane su shiga zobe? Washegari sai ga shi a ƙofata da baƙar kwat, ya rungumo akwati an naɗe da farar takarda, an ɗaure da zare ja da fari kamar kayan biki. Na goge hannu, na rusuna, na karɓa, bayana ya kusa tsinkewa don nauyi.

Da ya fita na buɗe. Ɓarɓashin ƙarfe ne, wanda injinsa yake zubarwa, jiƙe sharkaf da baƙin mai.

Na leƙa ta taga na ce, "Kai Tatsumi! Me mai awara za ta yi da wannan?"

"Ƙirƙira, Yaya! Ni na kawo kaya, ke ki kawo basira."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Amma akwai abin da gwanin ya manta. Kyauta ba ta kwana babu tukuici, kuma akwatin da aka kawo maka abu a ciki ba ya komawa wayam. Na duba shagona, me nake da shi mai yawa? Na cika masa akwatinsa da dusar awara mai ɗumi, na naɗe, na ɗaure, na kai masa da hannu biyu.

Ya karɓa, baki har kunne. "Kin gani? Zobe ya fara juyawa!"

Ashe kowa ya kai wa. Kafin la'asar Baba Hatanaka ya aika masa garin katako da guntaye, Ebisu ya turo masa gutsattsarin roba cike da baro, ya ma ɗora fure a sama don iskanci. Mu kuma ɓarɓashin da ya ba mu, mai tattara tsohon ƙarfe ya zo ya kwashe yana ta godiya, kamar yadda yake kwashewa a ƙofar Tatsumi tun da can.

Da a nan ta tsaya da an yi dariya an wuce. Sai dai shi gogan bai ɗauki abin da muka kai masa a matsayin tukuici ba, sabuwar kyauta ya ɗauke shi, don haka dole ya rama. Ya rama, muka rama. Ya sake, muka sake. Ebisu ya same ni a bakin famfo yana dariya har da hawaye.

"Yaya, tun da nake ban taɓa ganin bayan shagona fes haka ba. Mutumin nan a ba shi kujerar, a ƙara masa da tabarma."

Labari ya fita layin. Mai burushin haƙori na bayanmu, wanda ko gaisawa ba sa yi da Tatsumi, sai ga shi da kwalin gashin burushi a naɗe, wai ya zo neman zumunci. Tatsumi ya rusuna ya karɓa, yana cewa zobe ya faɗaɗa.

To shi ɓarɓashin ƙarfe ba kamar dusa ba ne. Ni kullum sai na cika bokitai, shi kuwa sai ya yini yana ƙera noti kafin ya tara cikin kwano. Ba a jima ba ya ƙare masa ƙaf, ga mutane suna ta sallama da kwalaye, ga kunyar mayar da akwati wayam. Sai na fara jin injinsa yana kuka tun safe har yamma babu hutu, irin kukan da ban saba ji ba. Na leƙa ta ƙofar baya. Na rantse muku, sabon sandan ƙarfe yake sakawa, mai sheƙi, yana niƙe shi tas har ya zama ɓarɓashi, ya tara, ya ɗauko wani.

Matarsa Kayoko tana tsaye a kansa, hannu a ƙugu.

"Maigida, masu notin nan sun sake bugo waya."

"Ki ce musu muna cikin sauyi."

"Na gaya musu. Sun ce su ma za su yi sauyi."

"Ke ba ki fahimci manufa ba."

"Na fahimci dusa ta kai ƙofar kicin. Ta shiga, ni na fita."

Ta juyo ta gan ni, na yi tsuru-tsuru, don rabin dusar nan daga hannuna ta fito. Na ce, "Kayoko, ko in daina kawowa?"

"Ki daina? Ya kawo miki ki zauna da akwatinsa, a ce gidan Fumie ba su san mutunci ba? Kawo, Yaya. Kawo har ta binne shi."

Zafin bazara ya kankama. Wanda bai san dusar awara a zafin Osaka ba, bai san wari ba. Yini ɗaya ta fara tsami, kwana biyu ta fara magana. Ƙudaje suka ƙaura daga kasuwar kifi suka tare a gidan Tatsumi, hankaki suka jeru a kan wayar lantarki kamar masu jiran jirgin ƙasa. Mai kawo wasiƙu ya koma jefo tasu daga tsallaken titi.

Ana cikin haka ya kira mu mu ga abin tarihi. Ya cakuɗa dusata da garin katakon Baba da robar Ebisu da gashin burushi, ya danne da injin matsa ƙarfe, ya fito da wani abu mai kusurwa huɗu, launin ƙasa, yana tsiyayar ruwa ta gefe.

"Tubalin Gobe," in ji shi. "Makamashi ne. Gawayi ya zama tsohon yayi."

Ebisu ya shinshina ya ja da baya. "Na goben ne wannan? Ai ya fi kama da na shekaranjiya."

"Hassada, Ebisu. Kai har ka mutu silifa za ka yi ta yi."

"E, amma silifana ba ya kiran ƙuda."

A kan kwana akwai gidan wankan unguwa na Inna Sakon, ita da itace take dafa ruwanta. Tun kakanninmu guntayen katakon gidan Hatanaka can suke zuwa, babu taro, babu suna, ita kuma ta bar ma'aikatansa su yi wanka. Amma yanzu guntayen duk sun tafi tukuici gidan Tatsumi, murhunta ya koma wayam. Sai ga shi da tubalinsa cike da mota, a naɗe, da hannu biyu. Me za ta ce? Ta rusuna.

Da la'asar, lokacin da maza suka tashi aiki suka cika wurin, ta zuba su a wuta. Tabɗijam! Wani hayaƙi ya turnuƙe, baƙi wuluk, mai kauri kamar a yanka da wuƙa, ya bi bututu ya fita, ya kuma bi ƙofa ya shiga. Kan ka ce wani abu maza suka ɓarke da gudu zuwa titi, kowa da ɗan tawul ɗinsa da bai kai tafin hannu biyu ba, bai san ko hanci zai rufe ba ko wani wurin. Baba Hatanaka, da gwiwoyinsa da suka gaji, shi ya riga kowa isa bakin titi. Ebisu ya fito kumfa a ka yana ihu, "Warin silifana nake ji! Wa ya dafa mini silifa?"

Motar kashe gobara ta zo, matan layi suka fito kallo, wasu suna rufe ido da yatsu a buɗe. Inna Sakon ta biyo Tatsumi da cebur ɗin murhu.

Ya tsaya daga nesa yana gyara kwat. "Inna, gwaji ne! Yanzu ilimi ya ƙaru, mun san ba na ƙonawa ba ne."

"To na uban me ne?"

"Na gini ne."

Baba Hatanaka, tawul a hannu, ya ce, "Yaro, bar abin nan haka. Ka zo taro ka zauna, ka yi shiru, in miƙa maka kujerar mahaifinka. Shiru kawai nake roƙon ka."

Na ga idon Tatsumi ya kawo ruwa, har na ji tausayinsa, na ɗauka ya ji. Sai ya haɗiye ya ce, "Baba, ba na son a ba ni don tausayi. Ranar taro a kan tubalina zan tsaya in karɓe ta."

Haka kuwa ya yi. A filin da ke gaban zauren ƙungiya ya gina dandamali da Tubalin Gobe, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, har da matakala. Ya shafe shi da farin fenti, ya shimfiɗa jan kyalle a sama. Daga nesa, in iska ba ta busowa ta wajenka, abin gwanin kyau. Ana jibi taro aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, washegari rana ta buɗe da zafi kamar bazara ta dawo ɗaukar abin da ta manta. Kayoko ta ce masa dandamalin ya kumbura, ya ce ido ne.

Ranar taro kowa ya hallara. Hukuma ta turo wata jami'a mai fara'a da wani mai ɗaukar hoto. Aka jera kujeru, aka zaunar da baƙi a gaba, wato inda warin ya fi kyau. Tatsumi ya hau matakala cikin baƙar kwat da jan fure a ƙirji, kowane taku dandamalin yana amsa masa da wani ɗan sauti kamar na ciki mai ɓacin rai.

"Manyan baƙi, 'yan'uwa masu sana'a! Abin da kuke gani a ƙarƙashin ƙafata, jiya shara ne."

"Yau ma," in ji Ebisu a bayana.

"Yau kuwa ga shi ya ɗauki mutum!"

Ya buga ƙafa don a shaida. Ƙafar ba ta dawo ba. Jan kyallen ya lotsa, takalminsa ya shige har idon sawu. Wani ya tashi zai taimaka, ya ɗaga masa hannu ya ci gaba da jawabi, wai taushin da gangan ne, don kare gwiwar ma'aikaci. Yana maganar jikokinmu ya kai ƙauri. Yana maganar narkewar ƙanƙarar duniya ya kai gwiwa. Gefen dandamalin ya tsage, wani ruwa mai kumfa ya gangaro ya nufi takalmin jami'ar, ta ɗage ƙafafu tana murmushi, don an koya musu kada su daina. Mai hoto kuwa ko ƙiftawa ba ya yi.

Jami'ar ta ga gara ta ceci taron da tambaya. Ta juyo wajena cikin ladabi.

"Uwargida, ke dusarki wace masana'anta ce take amfani da ita?"

"Gidan Tatsumi nake kai wa."

"Baba, garin katakon fa?"

"Gidan Tatsumi."

"Robar?"

"Gidan Tatsumi, ranki ya daɗe," in ji Ebisu, "har da fure."

"To abin da shi yake ba ku, me kuke ƙerawa da shi?"

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Tatsumi, wanda a lokacin ya kai cinya, ya buɗe baki zai yi bayani, Kayoko ta riga shi miƙewa.

"Ni zan gaya miki. Mai tsohon ƙarfe suke ba wa. Kuma ba shara ba ce, sabon ƙarfe ne yake niƙewa don ya sami abin naɗewa. Rabon da gidanmu ya ƙera noti ko ɗaya tun farkon bazara. Kowa a ƙasar nan yana ƙera kaya shara ta fito, mijina kaɗai ne ya buɗe masana'antar shara."

Wayyo, dariya! Inna Sakon har da faɗowa daga kujera. Dandamalin ma kamar jira yake, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya ya buɗe ta tsakiya, Tatsumi ya tafi har ƙirji, jan kyallen ya naɗe shi kamar kyauta.

Baba Hatanaka ya miƙe, fuska a murtuke. Ya ba baƙi haƙuri, ya ce gobe guntayensa za su koma murhun Inna Sakon, sauran kuma za a bi gida-gida a tambayi kowa, yadda ya kamata a yi tun farko. Sannan ya ce shi fa yau zai sauka ko sama za ta faɗo, a kawo suna.

Ebisu ya ce, "Yaya Fumie."

Na ce, "Kai, rufa mini asiri! Ni da wake na."

"Ba na tsaya ba!" Tatsumi ya yi ihu daga cikin dusa. "Ban janye ba! Baba, kujerar mahaifina ce!"

A ƙungiyarmu ba a naɗa shugaba sai kowane hannu ya tashi, ko mutum ɗaya ya ƙi an fasa. Tatsumi ya san haka, ya harɗe hannuwansa a ƙirji tam, ya sha mur. Baba ya ce masu goyon bayan Fumie su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko'ina, har na Kayoko, saura nasa. Kowa ya zuba masa ido, shi ma yana kallon mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya kai da fata.

Sai wani abu ya sake faɗawa a ƙarƙashinsa. Dusa ta kai masa haɓa.

"Wayyo! Ku ja ni! Kayoko, ja ni!"

Hannuwansa biyu suka miƙe sama cak, yatsu a baje. Baba Hatanaka ya dube su da kyau, ya dubi jama'a, ya gyara murya.

"Babu wanda ya ƙi. Tatsumi ma biyu ya ɗaga. Fumie, kujera taki ce."

Aka tafa, mai hoto ya ɗauka, sannan aka je aka ciro shi, babu takalmi babu fure. Ya wuce ta gabana yana ɗiga, bai dube ni ba, kuma gaskiya ranar ban iya dariya ba, don na san abin da ya rasa.

Tausayin bai kai ko'ina ba. Da safe ina tace wake na jiyo shi ta bango yana gaya wa mai tsohon ƙarfe, da muryar nan tasa da ake ji har kan kwana:

"Fumie? Ai ni na naɗa ta. Kowa hannu ɗaya ya ba ta, je ka duba hoton ka ga nawa na ba ta."